Ajiyar Yaya Goma Sha Huɗu

A ofishinmu, in kana son sanin ranar da fankar ɗakin taro ta faɗo, ko ranar da Manaja ya aske gemu muka kasa gane shi, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka buɗe tarihin manhajarmu ka nemi sunan Yayata, za ka tarar ta rubuta. Shekara goma sha ɗaya tana wannan rubutu, in ka ɗebe lokacin hutunta babu giɓi, sai wuri ɗaya, na mako biyar. Ni na yi giɓin, da hannuna, ranar wata Talata bayan cin abincin rana, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Bari in yi bayani, don wanda ba sana'arsa ba ce. Mu biyar ne a kamfanin, a hawa na biyu, saman wani shagon fenti da warinsa ke biyo mu har matakala. Manhaja muke rubuta wa makarantu: jadawalin darussa, sakamakon jarrabawa, irin waɗannan. Duk wanda ya gama ɗan guntun aiki sai ya adana shi a rumbun kamfani, kwamfuta ta liƙa masa sunansa da rana da sa'a, shi kuma ya rubuta bayanin abin da ya yi. Mu yaran zamani komit muke cewa. Yaya ta ce ita bakinta ba zai ɗauka ba, ajiya take cewa, har ta koya wa kowa.

Kowa layi ɗaya yake rubutawa ya wuce. Dogo, wanda ke zaune kusa da taga, wani lokaci kalma ɗaya ce tasa: gyara. Yaya kuwa sai ta rubuta abin da ta gyara, da dalilin gyaran, da wace makaranta ce ta yi ƙorafi, sannan ta bar fili, a can ƙasa ta ƙara layi ɗaya wanda bai shafi aiki ba ko kaɗan. Yau ruwa ya shiga shagon fenti. Yau 'yata ta fara tafiya. Yau Auta ya fara aiki, takalminsa sai ƙara yake. Autan ni ne. Shekarata talatin da ɗaya, ina da mata, amma a tarihin kamfani ni ne mai takalmi mai ƙara. Manaja ya taɓa yi mata magana, ta ce masa in layin yana cin wuta ta daina. Daga ranar bai sake ba.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha uku, kuma tun rasuwar Inna ita ce uwata, ba a takarda ba, a aikace. Ba ta yi jami'a ba. A wani shagon buga takardu ta fara, kusa da kotu, tana buga wa mutane wasiƙu da takardun ƙara a keken rubutu, shi ya sa har yau take dukan madannan kwamfuta kamar sun yi mata laifi. Duk allon madannan da ta taɓa, cikin wata shida haruffansa sun goge. A shagon ne wani ya manta littafin koyon rubuta manhaja, shafi arba'in na farko sun yage, ta ɗauka ta fara daga babi na uku. Tana yawan cewa shi ya sa ba ta da haƙurin doguwar gabatarwa. Gajeriya ce, tabaronta ɗaure da zare a gefe ɗaya, kullum da filas ɗin shayi wanda ba ta ba kowa sai wanda ya kawo kofinsa. Ita ta koya mini aikin nan a teburin cin abincinta, ita ta kai ni wurin Manaja ta ce ya gwada ni. Komai na sani a sana'ar nan daga hannunta ya fito, har abin da na yi amfani da shi na cuce ta.

A bara aka raba mana wani aiki mu biyu. Ita za ta rubuta sabon tsarin kiran sunan ɗalibai, ni kuma in ɗora nawa a kai, wato aika wa iyaye saƙo idan yaro bai zo makaranta ba. A sana'armu ba a taɓa babban aiki kai tsaye. Sai ka tsiro da reshe daga jikinsa, ka yi ta aikinka a can, in ka gama a haɗe. Yaya ta tsiro da nata reshen, ni kuma na tsiro da nawa daga jikin nata. Duk abin da ta ƙara sai in jawo shi, nawa ya zauna a samansa.

Mako ɗaya da farawa Baba ya faɗi a banɗaki, aka kwantar da shi a asibiti.

Baba mai gyaran agogo ne, mutum mai tsafta da jin kai, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganinsa babu hula ba. Na je ranar farko. Na tarar da shi bakinsa ya karkace, ana share masa yawu, wata ma'aikaciya tana juya shi kamar buhu. Na tsaya minti goma na ce zan je in dawo. Ban dawo ba. Ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne, da ƙyama, da son rai. Kullum Yaya ta kira sai in ce aiki ya yi yawa, alhali aikin ma rabinsa ita ke yi. Ta roƙi Manaja ya bar ta ta tafi da laftof ɗin ofis. A gefen gadon Baba, kan kujerar roba, ta mayar da teburin nan mai taya da ake ɗora wa marar lafiya abinci ya zama ofishinta. In ya yi barci da rana ta yi aiki, in ya farka ta rufe. A haka ta yi ajiya goma sha huɗu cikin mako biyar.

A mako na biyar matata ta sa ni gaba, ta ce in ban je ba ita za ta je ta faɗi gaskiyar inda nake yini. Na je. Na zauna kusan awa ɗaya, na ɓare masa lemo bai sha ba, na gyara masa agogon hannunsa da ya juye. Bai ce mini komai ba, kallona kawai yake. Na tashi na tafi ina jin na sauke nauyi. Kwana uku bayan nan jikinsa ya ƙara tsanani, Yaya ta ɗauki hutu gaba ɗaya, ta aiko da laftof ɗin. Aka goge shi tas aka ba Dogo, tunda nasa ya lalace, ai komai nata yana rumbu.

A daidai lokacin Dogo ya gama gyaran babban aikin. Ya sauya sunayen abubuwa, ya mayar da wannan can, wancan nan, ya fito da sabon tushe. Reshenmu ni da Yaya kuwa yana zaune a kan tsohon. Manaja ya ce makarantu sun kusa komawa, in cire reshen daga tsohon tushe in dasa shi a sabon kafin Juma'a.

Sauya tushe ba wani abin tsoro ba ne, haƙuri kawai yake ci. Kwamfuta tana ɗaukar ajiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kwashe kaya daga tsohon ɗaki zuwa sabo, tana ajiye kowace a sabon wuri da sunan mai ita da bayaninsa, ba ta taɓa ko wasali. Inda kayan suka ci karo da abin da ke sabon wurin sai ta tsaya, ta ce ka zo ka raba gardama. Ajiya ashirin da uku ce gabana, sha huɗu na Yaya, tara nawa. Ta farko ta ci karo, na gyara. Ta biyu ta ci karo. Ta uku ma haka, a fayil guda, a layi guda, saboda ɓarnar Dogo. Na fara tsaki ina zaginsa a zuci. Da na kai ta shida ban gane abin da Yaya take nufi da wani layi ba, sai na buɗe cikakken bayaninta don in ga dalili. Dalilin yana nan, a tsare kamar kullum. A can ƙasa kuma, bayan filin da ta saba bari, ta rubuta:

Yau Baba ya tambayi Auta sau biyu. Na ce masa aiki ne ya riƙe shi.

Wallahi ba tausayi ne ya fara zo mini ba, da ma shi ne. Haushi ne. Na ce a raina wa ya aike ta? Maganar gida ce za a kawo rumbun kamfani? Duk Juma'a muna zama a ɗakin taro, Manaja ya haska tarihin mako a babban allo, Dogo ya karanta layukan Yaya da ƙarfi a yi dariya. Na hango shi ya kai wannan layin ya yi shiru, kowa ya juyo ya dube ni. Ban buɗe ta bakwai ba. Ban so in san sau nawa aka tambaye ni.

Akwai wata dabara da kowa a sana'ar ya sani. In karo ya yi maka yawa, sai ka dakatar da dashen, ka dunƙule ajiyoyin duka su zama guda ɗaya, ka raba gardama sau ɗaya ka huta. Ita ma Yaya ce ta koya mini, ta kuma ce kada in taɓa yin ta a kan aikin wani. Na dunƙule ashirin da ukun. Na rubuta layi ɗaya, kiran suna da saƙon iyaye. Kwamfuta ta liƙa sunana. Na tura rumbu da ƙarfi ya danne na da, sannan na bi reshen Yaya na goge, wai ina share gida. Duka bai kai minti ashirin ba. Ranar Juma'a Manaja ya ce bai taɓa ganin dashe mai tsafta irin wannan ba, ni kuma na yi murmushi na ce ai ba komai.

Kwana goma bayan haka Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ina ofis aka kira ni.

Yaya ba ta dawo aiki ba sai bayan wata biyu. Ta rame, zaren tabaron ya sauya launi. Aka ba ta wani laftof, ta zuba shayi, ta jawo aikin daga rumbu. Teburina yana bayan nata, ina ganin allonta ta saman nawa. Na ga ta buɗe tarihi ta nemi sunanta. Ta gangara, ta hau, ta sake gangarawa. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta sake nema. Ta buga sunan reshenta, kwamfuta ta ce babu. Ta daɗe zaune hannunta a kan madannai ba ta buga komai ba, ofis ya yi tsit, don mun saba da ƙarar dukanta. Ni kuwa na kafa ido a allona, layi ɗaya nake karantawa har lokacin cin abinci.

A matakala ta tare ni, cikin warin fentin nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ina ajiyoyinta na asibiti. Na fara zuba, na ce ai Dogo ne ya hargitsa tushe, karo ya yi yawa, lokaci ya ƙure, wajen dashen ne suka narke. Ta bar ni na gama tsaf.

"Sauya tushe ba ya cin sunan mutum, Auta," ta ce. "Sai an sa hannu."

Na ce zan gaya wa Manaja aikinta ne, kowa ya sani, zan sa a gyara. Ta ce ita ba yabo ta zo nema ba, Manaja ya riƙe yabonsa. Layukan ƙasa take so. Ta ce a mako biyar ɗin nan ba ta da littafi, ba ta da wanda za ta gaya wa, duk abin da Baba ya yi ko ya faɗa a can take sa shi, don ta san rumbu ba ya mantuwa. Ta wuce ni ta sauka, ni kuma na kasa hawa na kasa sauka.

Na koma na hau bincike kamar mahaukaci. Kwamfuta tana riƙe abin da ka yar na kwana talatin, ko za ka yi nadama, daga nan ta share. Ni nadamata ta zo a kwana na saba'in. A kwamfutata babu. Laftof ɗinta na da an goge shi. Shi ne ma a hannun Dogo, kuma tun gogewar bai sake ganin reshen ba. Manaja ba ya jawo komai sai babban aiki. Saura mutum ɗaya, Mai Gwaji, matar da ke gwada aikinmu kafin a kai makarantu. Kwamfutarta juji ce, ba ta taɓa share komai, kuma ba wanda ya kai ni yi mata tsiya a kan haka. Na taɓa ce mata a gaban kowa wata rana sai an sa mata maganin ɓera a ciki.

Na je na tsaya a gefen teburinta kamar mai neman aron gishiri. Ta ce me nake nema. Na so in yi kwana, na ga babu hanya, na faɗa mata duka, har layin da na karanta. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ja kujerarta baya ta ce in duba. Reshen Yaya yana nan, yadda ta jawo shi rabonta da gwada shi. Na fara murna, sai na ƙirga. Tara ne. A mako na uku ta jawo na ƙarshe, biyar ɗin da suka biyo baya ba su taɓa shiga kwamfutarta ba.

Na mayar da taran rumbu da sunan Yaya, a reshe na musamman, na kulle shi yadda ba mai iya gogewa, ko ni. Sannan na zauna na karanta su. Yau Baba ya ci cokali huɗu. Yau ya ce agogon bangon ɗakin nan yana latti da minti uku, na duba, gaskiyarsa. Yau ya kira ni da sunan Inna. Yau ya nemi hularsa kafin likita ya shigo. Sunana ya fito sau uku, kuma ko sau ɗaya ba ta ce na ƙi zuwa ba. Kullum aiki ne ya riƙe ni. Ƙaryar da na ba ta ita ta riƙa rubutawa, tana rufa mini asiri a wurin da na zaci tona ni take.

Ranar Asabar da safe na buga su a takarda na kai mata gida. Na same ta a bayan gida tana shanya, mijinta ya fita da yara. Ta goge hannu ta karɓa, ta zauna a kan bokitin da ta kifa, ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa. Wajen agogon bango ta yi 'yar dariya. Da ta kai ƙarshe ta juya takardar ta ga bayanta fari ne.

"Saura biyar."

Na ce babu su, Yaya. Na nema ko'ina. Na ce ta yafe mini, na faɗa mata ainihin dalilin, ba na matakala ba. Ta ce ta sani tun ranar, ta san wace ce ta shida. Ta naɗe takardar gida biyu, gida huɗu. Sannan ta ce ta goma sha uku ita ce ta ranar da na zo.

"Bayan ka fita ya yi magana a kanka. Doguwa, ba irin ta kwanakin nan ba. Na rubuta ta yadda ya faɗa, kalma da kalma, na ce in ka zo dashe za ka gani."

Na ce me ya ce?

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce wani abu ne game da hannuna, yadda na gyara masa agogo, ko kuma yadda nake tafiya, ta kasa rabewa. Ta ce ta yi ta juyawa tun da ta dawo, ya ƙi zuwa. Kwanakin sun cakuɗe mata, ba barci, ba hutu.

"Don kada in manta na rubuta, Auta. Da na rubuta sai na sake shi."

Na tambaye ta ko daɗi ce maganar ko faɗa. Ta ce tana jin daɗi ce. Tana jin. Daga nan ta miƙe ta kifar da sauran ruwan wankin, ta miƙo mini gefen wani zanen gado ta ce in kama mu matse. Na kama, muka matse, ruwan yana zuba a kan takalmina.

Ranar Litinin ta koma dukan madannanta. Ajiyarta ta farko gyaran wani ɗan kuskure ne a saƙon iyaye, kuskurena, ta bayyana dalilinsa a tsare ba tare da ta ambaci mai shi ba. A can ƙasa ta rubuta: Yau Auta ya dawo da tara. Ranar Juma'a Dogo ya karanta shi a babban allo ya ce tara me, sai na ce zan yi bayani, na kuma yi, a tsaye, Manaja yana kallon tebur.

Yaya tana nan, ta cinye wani allon madannan tun daga lokacin. Ba ta sake tayar da maganar ba, shayinta ma tana zuba mini in na kawo kofi. Dunƙulalliyar ajiyata kuwa tana tsakiyar tarihi, an gina aikin shekara guda a kanta, ba ta ciruwa. Wani lokaci in kowa ya fita cin abinci nakan buɗe ta. Sunana ne a sama, da layina guda ɗaya, ƙasansa kuma babu komai.